Wa Ya Cinye Asabar a Bagudo?

Da zarar an sallame sallar Juma'a a Bagudo, sai tasha ta cika da wani irin fasinja da ba a rasa gane shi: jaka ɗaya a kafaɗa, waya a kunne, hankali ya riga ya isa inda za shi. Malamin sakandare ne, ko ma'aikaciyar jinya, ko akawun ƙaramar hukuma, ko jami'in kwastan da ya sauka daga aiki a Tsamiya ko Lolo. Wani Birnin Kebbi ya nufa, wani Jega, wani Yawuri, wani kuma sai ya kai Sakkwato kafin ya ajiye jaka. A takarda, kwana biyu na hutu ke gabansa. Idan aka tare shi ranar Litinin da safe aka tambaye shi abin da ya yi da su, amsar ba za ta wuce ɗaurin aure biyu, da ta'aziyya, da taron tsofaffin ɗalibai, da leƙa gona don a ga ko 'yan ƙwadago sun riƙe amana ba. Abin da ya yi saura kuwa waya ta lashe. Ya dawo da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita, kuma a cikin kwanakin nan biyu babu abu ɗaya da zai nuna ya ce wannan don jin daɗin ransa ya yi shi.

Zumunci ba shi da laifi a nan. Wanda ya bar zuwa jana'iza don ya zauna da littafi ya yi hasarar da littafin ba zai biya ba. Laifin yana ga wani tunani da ya yi kaka-gida a zukatan 'yan boko, cewa jin daɗi abu ne da ake saya: ɗakin otal mai sanyi, sabuwar waya, cin abinci a inda ake kawo lissafi a faranti, in hali ya yi kuma jirgi zuwa Dubai. Tun da albashi ba ya kai wa can, sai mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba ya cikin masu hutawa, ya miƙa Asabar ɗinsa ga duk wanda ya riga sallama. Alhali akwai wani jin daɗin da ya fi wannan araha kuma ya fi shi daɗewa a rai, wato mutum ya sa hannunsa da hankalinsa a kan wani aiki da ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda zai biya shi: ya kwance injin tsohuwar mota, ya dafa kalwa ya jira ta zama daddawa, ya yi wa iyalinsa girki, ya karanta littafin da ba za a yi masa jarrabawa a kai ba.

Hutun ƙarshen mako baƙo ne a ƙasar Hausa, kuma ko a inda ya fito bai tsufa ba. A Ingila, dokar masana'antu ta 1850 ce ta tilasta wa masaƙu su sallami mata da matasa da ƙarfe biyu na ranar Asabar, daga nan al'adar rabin yini ta bazu, kuma ita ce asalin take ƙwallo da ƙarfe uku na Asabar a can. A Amurka sai a 1926 Henry Ford ya mayar da masana'antarsa aikin kwana biyar. Ma'aikatan can da suka sami wannan sarari sun cika shi da abin da hannunsu ya saba: ɗan lambu a bayan gari, kiwon tattabaru, kafinta, gyaran babur. A nan kuwa, kafin zuwan ofis, ranar kasuwa ce ke juya mako. Almajiri yana da Alhamis da Juma'a, manomi yana da rani, kuma ranin nan bai taɓa zama fanko ba, domin a cikinsa ake tufkar igiya da saƙar tabarma da farauta da kokawa da dara a gindin bishiya. Da aikin gwamnati ya zo da Asabar da Lahadi, sai ya zo da su tare da wata aƙida da makaranta ta dasa ba tare da ta furta ba: an yi karatu ne don a tsira daga aikin hannu. Ɗan boko ba ya riƙe sifana, ba ya hura wuta, aike yake yi. Sai aka wayi gari yana da lokacin, amma an raba shi da duk abin da zai zuba a ciki. Jihar Kaduna ta ƙara wa ma'aikatanta Juma'a a kan hutun a Disamban 2021. Tambayar abin da za a yi da ranar tana nan inda take.

Ana iya yin wannan magana a Kano ko Zariya, amma a Bagudo ta fi kaifi, saboda a nan kowane abu farashi biyu gare shi. Ƙasar ta daɗe a haka. Illo tsohuwar masarauta ce ta Bargu, kuma fataken da ke zuwa Gwanja neman goro sun san mashigin Kwara na wannan yanki tun kafin a haifi kakan wanda ya ja layin iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yunin 1898 ta tsaga Bargu gida biyu, Illo da Busa suka faɗo hannun Ingila, Nikki da Kandi suka tafi ga Faransa, aka bar Dandawa da Kyangawa da Fulani da masu jin yaren Boko, wanda bai haɗa komai da bokon makaranta ba sai suna, kowa da ɗan'uwa a ɗaya gefen. Tun daga nan bambancin da ke tsakanin gefen biyu ya zama sana'a. Yaron da ya tashi a Lolo yana sanin canjin sefa kafin ya gama haddace jadawalin sau. Buhun shinkafa, jarkar fetur, ɗan maraƙi, atamfa, kowanne ana kallonsa da ido biyu, ɗaya na naira ɗaya na sefa.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda wannan lissafi ke da saurin juyewa. An hana shigo da shinkafa ta kan tudu a 2016, aka bi da motoci daga 1 ga Janairun 2017. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin, a Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ko da aka buɗe wasu mashigai a Disamban 2020, Kamba ta nan kusa sai da ta jira Afrilun 2022. Sannan aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, a shekarar da jakar sefa ta wuce naira dubu biyu. Wanda duk darajar abin da ke hannunsa ta rataya a kan farashi, sanarwa ɗaya daga Abuja ko Kwatano ta isa ta hana shi barci. Ga mutumin da ke rayuwa a irin wannan wuri, mallakar abu ɗaya a mako wanda canji ba ya taɓawa ya wuce a kira shi wasa.

A fara da mota, tun da ita ce ta fi kama da almubazzaranci. A Turai da Amurka, ajiye tsohuwar mota sha'awa ce ta masu hali: a killace ta a gareji, a goge, a fito da ita ranar Lahadi. A Habana ta ƙasar Kuba kuwa, takunkumin Amurka ne ya sa motocin shekarun 1950 suka ci gaba da yawo, har larura ta zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su gani. Arewacin Nijeriya ya fi kusa da Habana, kuma motarsa ta tarihi ba a sai an faɗa ba. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, a shekarar da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma an ci gaba da ƙera ta a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da mantawa da ita. Gwamnatin soja ta ƙarshen shekarun 1970 ta mayar da ita motar manyan jami'ai. Da ita sabon mai digiri ya fara cin bashin mota, da ita aka kai amare, doguwarta ta yi jigilar fasinja daga Sakkwato zuwa Kwantagora, akori-kurarta ta ɗauki albasa da buhunan gero. 'Yan fito ma sun san ƙimarta, don ƙafarta ta baya tana ɗaukar abin da mai ƙera ta bai taɓa mafarki ba. A ɗaya gefen iyakar, ita ce ta yi shekaru tana cika da mutane tsakanin Malanbil da Kandi da Faraku.

Yau gawarwakinta suna kwance a bayan gidaje, kaji na ƙwai a kujerar baya, 'yan gwangwan na zagaye da sikeli. Abin da ake sayarwa a kan kilo ya fi ƙarfe. Fijo 504 na cikin motoci na ƙarshe da mutum ɗaya zai iya fahimta tun daga hanci har wutsiya. Ba ta da ƙwaƙwalwar lantarki da sai an jona mata kwamfuta kafin ta faɗi ciwonta. Idan ta ƙi tashi, dalilan ƙididdigaggu ne: ko mai bai iso ba, ko wuta ba ta iso ba, ko sun iso ba a lokaci ɗaya ba. Wanda ya kwance kafireta ya wanke ta da fetur a cikin tsohon kwano, ya hura ƙananan ramukanta, ya goge filogi, ya daidaita wuta yana sauraron injin har ya daina tari ya koma numfashi daidai, ya ɗanɗani abin da aikin ofis ba ya bayarwa. A ofis, fayil na iya yin wata shida yana yawo ba a san wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure ba. Injin ba ya karɓar uzuri, ba ya kuma sanin matakin albashi: ko ya tashi ko bai tashi ba.

Tsofaffin kanikawan da ke gane ciwon mota da kunne suna nan a Jega da Kamba da Malanbil, amma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, yaransu kuma sun koma kan babur ɗin haya da motocin Japan, inda abinci yake. Babu kwalejin da ke ajiye abin da ke kansu. Akawun da ya zauna kusa da irin wannan dattijo Asabar goma, yana miƙa masa sifana yana tambaya, ya yi aikin adana tarihi ko da bai sa masa wannan suna ba, kuma a karo na farko tun barinsa makaranta ya koma ɗalibin mutumin da ba shi da takardar shaida. Wannan kaɗai magani ne ga wani ciwo da 'yan boko ba su cika yarda suna da shi ba. Da tsohuwar zuma dai ake magani. Gaskiya ne Fijo tana shan mai, kuma ba kowa ke da kangon mota a gidan mahaifinsa ba. Amma ba wanda ya ce a je aiki da ita kullum, kuma tsohuwar Besfa, ko keke Rali, ko keken ɗinkin da aka kawo wata kaka da shi ɗakin miji, ko rediyon da ya yi shiru tun zamanin Shagari, duk darasi ɗaya suke koyarwa. Sharaɗin kawai a iya buɗe abin a ga cikinsa.

Turawan da ke ajiye tsofaffin motoci sukan haɗa da wata sha'awa, wato matse inabi a gida a bar shi ya zama giya. Wannan ba ta da mazauni a gidan Musulmi, balle a jihar da ke kan shari'a tun 2000. Sai dai abin da ke jan su ga aikin, wato haɗa abu da hannu a rufe shi a jira lokaci ya ƙarasa, matan wannan yanki sun fi su sanin sa. Daddawa ita ce shaida. Ana dafa kalwa yini ko kwana har ta yi laushi, a surfa a fitar da ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a zuba a ƙwarya ko kwando a lulluɓe da ganye da tsumma a ajiye wuri mai ɗumi. Daga nan hannu ya gama nasa. Ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su ke karya sinadarin gina jikin da ke cikin kalwar, cikin kwana biyu zuwa uku wari ya tashi, warin da baƙo ke toshe wa hanci, mai miya kuwa ta san arziki ne. In ɗumi ya gaza ta ƙi nuna, in an yi gaggawar buɗewa a yi asara. Mutanen Benin suna yin irinta da sunayensu, Yarabawa ma haka. Ɗunƙulen Maggi, wanda aka fara yi a Turai a 1908, ya shigo ya sami wannan ilimi a kowane gida, kuma cikin 'yan shekaru ya mayar da shi abin ƙauye. 'Ya'yan masu digiri da yawa a yau ba su taɓa ganin ɗorawa da kalwa a wuri ɗaya sun san uwa da 'ya ba ne.

Haka cukun Fulani da ake kira wagashi a Benin: madarar shanu ce ake ɗumamawa, a sa mata ruwan tumfafiya ta daskare, a tsane a ƙaramin kwando, a rina bayanta ja da karan dafi. Tumfafiyar da ke tsaye a kowane kango ba mai kallonta, ga Ka'oje cike da shanu. Haka soɓorodo, wanda Kanawa ke ce wa zoɓo, Faransanci kuma bisaf. Ana loda shi a kwantena daga Kano da Jigawa zuwa Meziko, inda suke shan sa kamar yadda ake sha a nan. Wanda ya tsaya ya gwada jiƙa shi da ruwan sanyi kwana guda a maimakon tafasawa, ya auna citta da kanumfari da masoro har ya sami haɗin da ya zama nasa, ya yi daidai da abin da mai inabin Faransa ke taƙama da shi, kuma zai iya miƙa wa limamin unguwa kofi. Garin da ake kira Tsamiya ma bai kamata a ce sai lemon kwalba ake tarar baƙo da shi ba.

A nan dole a tsaya a faɗi wata gaskiya. Ga matar gida, girki ba hutu ba ne. Sau uku a yini ne, kwana bakwai a mako, ko tana koyarwa a firamare ko tana kwana a asibiti wurin aiki. Asabar ma ta fi mata nauyi, don ranar ce maigida ke gida, abokansa na sallama, ana aiko yaro a ce a ƙaro kwano biyu. Hutun namiji sau da yawa a kan gajiyar mace aka gina shi. Saboda haka duk wanda zai yi wa'azin daɗin girki, maza ya kamata ya fuskanta. Abin mamaki kuwa shi ne namiji Bahaushe bai taɓa jin kunyar tukunya ba in dai da ciniki: mai shayi namiji ne, mai tsire da mai balangu maza ne, kukun otal namiji ne, masunci a bakin Kwara shi ke dafa abin da zai ci a jirgi, ɗalibin jami'a kuma ya shekara huɗu yana dafa-duka a risho. Sai an ɗaura aure hannun ke mantuwa, don tsoron kada majalisa ta ce mijin-ta-ce. Wanda ke neman hujja daga addini ba zai wahala ba, domin ya tabbata daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida.

Kuma in akwai inda girki ya cancanci a ba shi yini guda, nan ne. Mutum ya sauka bakin ruwa da sassafe wajen gadar Tuga ko Lolo, ya tarar da jirage na fitowa, ya zaɓi ragon ruwa ko giwan ruwa ko tarwaɗa tana motsi, ya koyi bambanta kifin jiya da na yau ta ido da ƙaiƙai, ya dawo ya gyara da kansa. Ya rege shinkafa 'yar gida, wadda aka noma a fadamar da yake wucewa kullum a kan babur. Kebbi ta yi suna da shinkafa tun kafin a ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, amma an fi maganarta da lissafin tan da buhu, kamar ba ci ake yi ba. Farfesun farko zai yi gishiri, na biyu kifin zai dagargaje. Yara za su yi dariya, kuma dariyar na cikin ribar. Kafin na biyar, maigida ya san nawa ake kashewa a tukunya ɗaya, ya daina mamakin inda kuɗin cefane ke tafiya, matarsa kuma ta sami awa uku nata na kanta, wataƙila karon farko tun haihuwar fari.

Abin da za ta yi da awa ukun ba boyayye ba ne, don a gidaje da yawa ita ce mai karatu. Tun daga shekarun 1980 da littattafan soyayya na Kano suka ɓarke, da alƙaluman irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, mata ne suka riƙe karatun nishaɗi da Hausa, suna aron littafi gida-gida, yau kuma suna biyan kuɗi a WhatsApp don babi na gaba. Mijin da ke yi musu kallon masu ɓata lokaci, in aka bincika, littafinsa na ƙarshe shi ne dokokin aikin gwamnati, ya kuma buɗe shi ne don jarrabawar ƙarin girma. Wannan abin kunya ne a masarautar Gwandu, ƙasar Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta tafsiri da nahawu da waƙa da dokokin mulki alhali ɗawainiyar jama'a na wuyansa, kuma shi ya ba da labarin yadda Shehu ya ƙetare Kwara har Illo yana karantarwa.

Samfurin karatu don karatu bai mutu ba, yana zaure. Ɗan kasuwa mai shekara sittin da ke zama gaban malami bayan Asuba da Risala ko Ishiriniya ko Muƙama a hannu ba takardar shaida yake jira ba, kuma in ya sauke littafin yakan sake shi daga farko. Ɗan boko ne kaɗai aka koya wa cewa karatu tsani ne, in an hau sai a jingine shi. Maganin ba shi da tsada. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta farkon shekarun 1930, ba wanda zai ci wa mutum fiye da yammaci biyu, kuma wanda ya karanta su yana aji uku na sakandare bai karanta su ba tukuna. Ga kuma Faransanci a bakin ƙofa: jami'in da ya shekara biyar a iyaka bai wuce gaisuwa da ƙidayar kuɗi ba ya bar wata taska a rufe, daga Boubou Hama na Nijar zuwa Amadou Hampâté Bâ na Mali, waɗanda suka yi rubutu a kan wannan kogi da mutanensa.

Mai karatu na iya cewa duk wannan zancen ƙoshi ne. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, bai kai kuɗin buhun shinkafa na wancan lokacin ba, kuma yankin ba ya cikin kwanciyar hankali. An ga abin da Lakurawa suka yi a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, a Afrilun 2025 kuma gwamnatin Benin ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a arewacin ƙasar, a jihar Alibori da ke maƙwabtaka da Bagudo. Maganar tana da nauyi, kuma wanda Asabar ɗinsa ce ke cike giɓin abincin gidansa ba a isa a ce masa ya ajiye fartanya ya ɗauki littafi ba. Amma a duba abin da tsada da tsoron hanya suka riga suka yi. Ma'aikacin da a da yake tafiya gida kowane mako yanzu sai ƙarshen wata. Sauran Asabar uku yana kwance a ɗakin haya, yana bin bidiyon gawarwaki da jita-jita daga wannan zaure na waya zuwa wancan, har magariba ta yi masa zuciya a cushe. Lokacin ya riga ya samu, ba da zaɓinsa ba. Mudun kalwa da aron littafi da zama a garejin dattijo ba su kai kuɗin datar da yake ƙonawa ba.

Haɗarin da ya fi kusa ma daga masoya yake zuwa. Da zarar soɓorodon wata ya yi daɗi, sai a ce ta ƙulla a leda ta sa a firji. Da zarar Fijon wani ta tashi, sai dillali ya iso da labarin wani Alhaji a Abuja mai tara irinsu. A wurin da aka saba kallon komai da idon naira da sefa, barin abu mai kyau ba tare da an sa masa kuɗi ba yana kama da wauta. Wanda bukata ta kama ya sayar, ba abin kunya ba ne. Sai dai daga ranar da aka karɓi kuɗin farko, abin ya sami ubangida: mai saye zai ce sukari ya yi kaɗan, kuma dole a ƙara. Aikin Litinin ne ya sake shigowa ta ƙofar baya.

Akwai kuma ranar da ake gudun tunawa. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 35 yana yi ko ya kai 60 da haihuwa, malaman makaranta kuma dokar 2022 ta ƙara musu biyar. Daga ranar, kowace rana Asabar ce. Kowa ya san irin dattijon da ya yi darakta, wanda wata shida bayan walimar sallama ya rankwafe, ba don fansho ya makara kaɗai ba, har da rashin abin da zai tashi dominsa da safe. Yakan sa manyan kaya ya zauna a ƙofar gida yana jiran wanda zai gaishe shi da tsohon muƙami. Maƙwabcinsa da ya yi ritaya a ƙaramin mataki, amma yana da tattabaru da ɗan lambu da babur ɗin da kullum yake kwancewa, shi yara ke taruwa wurinsa. Irin wannan sabo ba a fara shi a shekara sittin. Hannu da ido sun riga sun yi tauri, girman kai kuma ya fi su.

Wanda zai gwada daddawar, ya lura da lissafin kwanakinta. In an ɗora kalwa ranar Alhamis da dare, Juma'a za a surfa a wanke a rufe, ba za ta nuna ba sai Lahadi da yamma ko wayewar Litinin, kuma a tsakani tana bukatar a riƙa taɓa tsumman ana jin ɗuminsa. Motar da ke barin tashar Bagudo bayan sallar Juma'a sai dai ta tafi da wani a kujerarsa wannan makon.